Kuɗin Na'ura Ɗaya Ne a Hannu: Wacce Za a Saya Don Koya wa Ɗaliban Jiyoloji Awon Ƙarƙashin Ƙasa?

Wani ƙanena a aiki, wanda aka ɗora wa riƙon sashen jiyoloji a wata jami'a, ya kira ni kwanakin baya kansa ya ɗau zafi. Kuɗin kayan aiki sun fito, amma ba za su wuce sayen abu ɗaya ba. 'Yan aji uku, su wajen tamanin, za su fita fili bayan jarrabawa, sashen kuma ko naɗin waya ɗaya ba shi da shi. Wani ya ce masa ya sayi na'urar hoton lantarki mai turaku da yawa, wani ya ce magnetomita, wani dillali kuma ya turo masa hoton wata 'yar na'ura ta WhatsApp, wai tana nuna ruwa a allo cikin minti goma. Ya ce, "Malam, ka fitar da ni." Amsar da na ba shi a waya ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta ta, ko za ta yi wa wani amfani.

Abin da za a auna kafin a duba farashi

Na farko, kuma shi ne gaba da komai a wurina: hannu nawa ne zai taɓa aikin a yini guda? Duk wanda ya taɓa fita da ɗalibai ya san yadda abin yake. Mutum biyar ko shida suna fama a rana, sauran suna gindin darbejiya suna shan rake, da daddare su kwafi lambobin da waɗancan suka rubuto. A takarda kowa ya je fili.

Na biyu, shin ɗalibi zai iya bin sawun lambar tun daga ƙasa har zuwa fassara da biro da kalkuleta? In bai iya ba, danna maɓalli kawai ya koya.

Na uku kuɗi. Farashin da ke takardar kamfani rabin labari ne, saura wayoyi, batir, lasisin manhaja, kuɗin jirgi da na kwastam. Duk kuma da dala ake biya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, kasafin da aka rubuta a farkon shekara ba ya kai ƙarshenta da ƙarfinsa. Don haka zan faɗi farashi a dunƙule da dala, kai kuma ka nemi takardar farashi ta ranar da za ka saya.

Na huɗu ƙarko da gyara: ƙurar hunturu, zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da jijjigar bayan a-kori-kura. In ta lalace, mai gyaran lantarki na gari zai iya, ko sai ta koma Turai?

Na biyar, ƙasar da kake kai. Yawancin Kano, Kaduna, Katsina, Zamfara da yammacin Bauchi suna kan tsohon dutsen tushe: marmara a sama, ruɓaɓɓen dutse a tsakiya, sannan dutse mai rai a ƙasa, sau da yawa bai kai mita 40 ba an same shi. Sakkwato da Borno kuwa shimfiɗu ne na yashi da yumɓu masu zurfin ɗaruruwan mita. Abin da ya yi aiki a Samaru ba lalle ya yi a Maiduguri ba.

Sai haɗari, iri biyu: rauni ga ɗalibi, da karatun ƙarya da za a ɗauka gaskiya. Daga ƙarshe, wannan awon zai ciyar da yaro bayan ya gama bautar ƙasa?

Awon turjiyar lantarki mai turaku huɗu

Turjiya ita ce yadda ƙasa ke hana lantarki wucewa. Awonta shi ne abin da masu haƙa rijiyar burtsatse ke nufi in sun ce "a yi sabe", a aji kuma VES ake ce masa. Tsohuwar dabara ce: Conrad Schlumberger ya fara gwada ta a Faransa a 1912, Frank Wenner ya wallafa nasa tsarin a Amurka a 1915. Ana kafa turaku huɗu na ƙarfe a layi ɗaya. Biyu na waje, A da B, su tura lantarki cikin ƙasa, biyu na ciki, M da N, su auna abin da ya dawo. Kana ƙara nisan A da B, lantarkin yana ƙara nutsawa.

Wajen yawan hannuwa, tashar awo ɗaya tana cinye mutum takwas zuwa goma ba wanda ke zaman banza: mai danna na'ura, mai rubutu, mai lissafi, mai ɗiga sakamako a takardar giraf, mutum biyu-biyu a kowane gefe da guduma da naɗin waya, da mai ɗaukar jarkar ruwan gishiri. Tasha ɗaya da aka ja rabin tazarar A da B zuwa mita 100 takan ci awa ɗaya ko fiye a hannun sababbi, don haka ana iya juya su sau huɗu ko biyar kafin la'asar.

Wajen bin sawun lamba, ba ta da na biyu. Ka ce rabin tazarar A da B mita 10 ce, tazarar M da N mita 1. Lambar tsarin, wadda ake lissafowa daga tazarar turaku don a ninka karatun na'ura da ita, takan fito kusan 313. Na'ura ta karanta ohm 0.4, yaro ya ninka, ya samu kusan ohm-mita 125, ya ɗiga a takarda da hannunsa. Bayan ɗigo ashirin sai layi ya bayyana: ya fara a sama saboda busasshiyar marmara, ya gangara inda ruɓaɓɓen dutse ke riƙe da danshi, ya sake hawa da ya taɓo dutse mai rai. Na sha ganin fuskar ɗalibi a lokacin da layin ya fara hawa, ya ɗago kai ya ce, "Malam, mun taɓa dutse." Duk laccar zango guda ba ta kai wannan ba. Kuma in ɗigo ɗaya ya yi tsalle ya bar 'yan'uwansa, nan take za a koma a duba, a tarar turke ya kwance ko waya ta zame. Ɗalibin da sai a ɗakin kwana ya buɗe lambobinsa ya makara.

Farashi hawa-hawa ne. Na'urorin Indiya da na China masu sauƙi suna cikin 'yan dubban dala. Terrameter na kamfanin ABEM na Suwidin, wanda tsofaffin samfuransa SAS 300 da SAS 1000 suka horar da yawancinmu, da Syscal na kamfanin IRIS na Faransa, sababbinsu sun ninka haka sau da yawa. Turaku kuwa maƙeri zai yanko maka daga rodi, waya akwai ta a kasuwa, batirin mota ko na sola ya wadatar. Manhajar fassara awon, IPI2Win ta Jami'ar Moscow, kyauta ce. Akwai ma na'urar awo mai suna OhmPi, wadda masu bincike a Faransa suka saki tsarinta kyauta a 2020 don mutum ya haɗa da kansa a kan 'yar ƙaramar kwamfuta ta Raspberry Pi. In sashen fizis ko na injiniyan lantarki yana kusa da ku, wannan furojet ne mai kyau na haɗin gwiwa, amma kada ka dogara da ita ranar fita da mutum tamanin.

Ƙarko yana da kyau, domin abin da ke yawan lalacewa waya ce da maƙalai, su kuma da filaya da salatif ake gyara su a wurin.

Matsalolinta uku. Da rani, marmara ba ta karɓar lantarki; sai an haƙa ɗan rami, an zuba ruwan gishiri, wani lokaci an haɗa turaku biyu ko uku wuri guda. Na biyu zurfi. Ana yawan gaya wa ɗalibai cewa awo yana kai sulusin tazarar A da B, amma abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne wajen kashi ɗaya cikin biyar: waya mai tsawon mita 200 tana gani da kyau zuwa wajen mita 40. A dutsen tushe wannan ya isa. A yashin Kerri-Kerri na Bauchi da Gombe, inda ruwa ke da nisa ƙwarai, ko a Borno in ana neman ruwan tsakiya na shimfiɗar Chadi, sai waya mai tsawon gaske da na'ura mai ƙarfi, 'yar arahar nan ba za ta kai ba. Na uku shi ne wanda ya fi wuyar koyarwa: layi ɗaya yana iya fitowa daga ƙasa iri biyu. Siririn yumɓu mai ƙarancin turjiya da kaurin ruɓaɓɓen dutse mai matsakaiciyar turjiya suna iya zana kusan abu ɗaya. Maganinsa a yi awon farko a gefen rijiyar da aka san bayanan haƙarta, yara su gwada fassararsu da abin da injin haƙa ya fito da shi.

Haɗarin jiki gaskiya ne. Na'urar tana fitar da ɗaruruwan volt. Wata shekara wani yaro yana riƙe da turken B yana gyara maƙali, mai na'ura bai jira alama ba ya danna. Allah ya kiyaye, tsalle kawai ya yi da salati. Tun daga ranar doka ce a wurina: ba a dannawa sai an ga hannu biyu a sama daga kowane gefe, kuma da an ji tsawa a naɗe waya.

Batun abinci kuwa, wannan ce sana'ar da ta fi ɗaukar ɗalibanmu: hukumomin ruwan karkara na jihohi, kamfanonin haƙa rijiya, ƙungiyoyin agaji.

Hoton lantarki mai turaku da yawa

Ɗiyar ta farko ce, ta yi boko. Ana jera turaku da yawa a kan waya ɗaya mai bakuna, na'ura ta riƙa zaɓar huɗu-huɗu da kanta, ta ɗauki ɗaruruwan awo, manhaja ta fitar da hoton yankan ƙasa mai launi. Turaku 64 a tazarar mita 5 suna rufe mita 315. Inda tsagar dutse ce ke riƙe ruwa, ko kaurin ruɓaɓɓen dutse yana canjawa cikin 'yan taku, ta fi ta farko nesa ba kusa ba, domin VES tana ɗauka ƙasa shimfiɗe take kamar tabarma, alhali a dutsen tushe ba haka take ba.

Sai dai ga aji. Mutum ashirin za su yi aiki na rabin awa wajen kafa turaku, daga nan kowa ya koma inuwa yana jiran na'ura ta gama. Hoton da ke fitowa yana da kyau har ya hana yaro tambaya: shuɗi ruwa, ja dutse, shi ke nan. Yumɓu ma shuɗi yake fitowa. Wanda bai taɓa ɗiga layi da hannu ba zai rantse da wannan hoton.

Kuɗinta dubun-dubatar dala ne in an haɗa wayoyi. Manhajar RES2DINV ta M.H. Loke da lasisi take, ko da yake ResIPy, da ta fito daga aikin masu bincike a Jami'ar Lancaster ta Ingila, kyauta ce kuma ta ishi koyarwa. Raunin tsarin yana wayar. A cikinta akwai siraran wayoyi masu yawa, garken shanu ɗaya ko ɗan acaɓa ɗaya ya bi ta kai, an shiga uku. Na san sashen da irin wannan na'ura ta shekara biyu a kabad saboda baki ɗaya na waya ya karye, kuma saboda tsadarta shugaban sashe yana tsoron ba wa 'yan aji uku ko da lafiyarta ƙalau. Wannan tsoron ma ka sa shi a lissafi.

Magnetomita

Ita ba ta tura komai cikin ƙasa, ƙarfin maganaɗisun duniya kawai take aunawa a inda aka tsaya. A arewacin Najeriya yana wajen nT 33,000 zuwa 34,000 (nT, wato nanotesla, shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), dutse mai sinadarin ƙarfe kuma yana ƙara masa ko ya rage. Samfuran da aka fi sani su ne G-856 da G-857 na Geometrics ta Amurka, da GSM-19 na GEM ta Kanada. Farashi daga 'yan dubban dala zuwa sama da dubu goma, babu waya mai tsawo, babu turke, nauyinta bai wuce a rataya a kafaɗa ba. Ƙarkonta ya fi na kowa a wannan jerin.

Awo ɗaya daƙiƙoƙi ne. Mutum biyu ko uku kawai take ɗauka a lokaci guda, amma saboda saurinta kowane ɗalibi zai iya riƙe ta a yini ɗaya. Ita ce ta fi dacewa da koyar da tsara layuka, ɗaukar wuri da GPS, da tsabtace bayanai. Kafin a fara ana bin yara ɗaya-ɗaya: waya, makulli, bel mai ƙarfe, agogo, har allurar ɗankwali, duk a ajiye. Kullum sai an samu wanda ya ɓoye wayarsa a aljihu, kuma layinsa ne zai tona shi.

Akwai abu biyu da ƙasarmu ta keɓanta da su, kuma saboda su nake son kowane ɗalibinmu ya taɓa wannan na'ura. Ekwetan maganaɗisu ya ratsa ta arewacin Najeriya, don haka layukan maganaɗisu a nan kusan a kwance suke. Littattafan Turai da Amurka suna zana layin karatu ya yi tudu a kan dutse mai ƙarfe. A wurinmu kwari ne yake fitowa a kansa, da 'yan tuddai a arewa da kudu. Jijiyar dutsen da ta miƙe arewa zuwa kudu kuwa tana iya ɓacewa kusan gaba ɗaya. Na biyu, da rana akwai lantarkin da ke gudana a sararin sama a kan wannan ekweta, wanda ke sa karatu ya sauya da nT 100 ko fiye tsakanin safe da azahar, kana tsaye wuri guda. In babu na'ura ta biyu da za a girke tana ɗaukar wannan sauyi, dole a riƙa komawa tashar farko a kai a kai. Wato sayen da ya cika na'ura biyu ne.

Amfaninta ga neman ruwa kaɗan ne, sai dai ta nuna tsaga ko jijiya. Ga ma'adinai da taswirar duwatsu kuwa ita ce a gaba: zobban giranit na Jos da Riruwai, duwatsun ƙarfe na Maru da Birnin Gwari, ko da yake waɗannan biyun na ƙarshe ba wuraren kai ɗalibai ba ne a halin tsaron yanzu. Ga kuma wani dalili. Tun bayan awon jirgin sama da kamfanin Fugro ya yi wa Hukumar Binciken Ƙasa ta NGSA tsakanin 2005 da 2009, a tazarar layi mita 500 da tsayin mita 80, ɗalibai da yawa suna rubuta furojet a kan waɗannan bayanai ba su taɓa ganin magnetomita da ido ba. Yini ɗaya a fili yana canja yadda suke kallon taswirar.

Wayar hannu ma tana da ɗan ma'aunin maganaɗisu, manhajar phyphox ta Jami'ar Aachen ta Jamus kuma kyauta ce. Ba za ta ga dutse ba, amma ka binne tsohon duro a filin ƙwallo, mutum tamanin su neme shi a lokaci guda.

Awon girgiza da guduma

A jera jiyofon, wato ƙananan na'urorin jin girgizar ƙasa, 12 ko 24 a layi, a doki farantin ƙarfe da babbar guduma, na'ura ta ɗauki lokacin da girgizar ta isa kowane ɗaya. A busasshiyar ƙasa tana tafiyar 'yan ɗaruruwan mita a daƙiƙa, a yashin da ya ƙoshi da ruwa wajen 1,500, a giranit mai rai sama da 4,500. Ɗalibai suna son ta, ba a rasa samarin da ke layin guduma.

Lissafinta ma ana yi da hannu: in girgiza tana gudun mita 500 a daƙiƙa a saman, 4,500 a ƙasan, layukansu biyu a giraf ɗin lokaci da nisa suka haɗu a mita 25, dutse yana wajen mita 11. Wajen faɗin zurfin dutse ta fi lantarki tsayawa a kan magana ɗaya, kuma ita ce ƙofar aikin injiniya, harsashin gini, madatsar ruwa da hanya, sannan matakin farko ga mai son shiga harkar man fetur.

Amma kuɗinta na kusa da na hoton lantarki. Geode na Geometrics ko Terraloc na ABEM, da wayoyi da jiyofon, dubun-dubatar dala ne, ga kwamfutar tafi-da-gidanka da wasu samfuran ke buƙata a rana tsaka. Guduma ba kasafai take wuce mita 20 zuwa 30 ba. Tana son shiru: janareta, injin niƙa, tirela a titi, har takun ɗaliban da ke yawo, duk suna shiga. Kuma tana da makanta da ta shafe mu kai tsaye. Dabarar tana buƙatar kowane hawa ya fi na samansa tauri. A ƙasarmu kuwa sau da yawa marmara mai tauri ce a sama, ruɓaɓɓen dutse mai laushi a ƙarƙashinta. Wannan mai laushin, wanda shi ne ke riƙe ruwan, ba ya fitowa a awo, zurfin da aka lissafa kuma ya zo ba daidai ba. Darasi ne mai kyau in malami ya san da shi.

EM34

Wannan tana auna yadda ƙasa ke karɓar lantarki. Faifai biyu ne na waya, mutum biyu suna riƙe da su a tazarar mita 10, 20 ko 40, kamfanin Geonics na Kanada ke yin ta. Ba a kafa turke, don haka busasshiyar marmara ba ta dame ta ba, kuma ana cin kilomita a yini. Tana da tarihi a nan: a shekarun 1980, a aikin ruwan karkara na Jihar Kano, an riƙa bin layi da ita a gano inda ruɓewar dutse ta yi zurfi, sannan a yi VES a wurin. Masana na Hukumar Binciken Ƙasa ta Birtaniya sun yi amfani da ita a Oju ta Jihar Binuwai a ƙarshen shekarun 1990. Haɗin nan har yau yana aiki.

Ga koyarwa, mutum uku take ɗauka, lissafin da ke cikinta ya fi wuyar nunawa a allo, kuma wayar wuta, shingen ƙarfe da rufin kwano suna rikita ta, wato harabar jami'a ba wurinta ba ce. Farashinta ba na wasa ba ne, gyara sai waje. Abokiyar tafiya ce ga VES, ba ta tsaya ita kaɗai a matsayin sayen farko.

Waɗanda zan wuce da sauri

Radar ta ƙasa tana da ban sha'awa a yashi, amma yumɓu da jiƙaƙƙiyar jar ƙasa suna shanye ta cikin mita ɗaya ko biyu. Ma'aunin nauyin ƙasa irin CG-5 ko CG-6 na Scintrex yana kusa da dala dubu ɗari, kuma faɗuwa ɗaya ta gama da shi; ba na hannun 'yan aji uku ba ne.

Sai 'yar na'urar dillali. Irinta sun cika gari, turaku biyu, allo mai launi, araha, kuma masu haƙa da yawa suna yawo da su. Ban hana kowa neman abincinsa ba. Amma ba ta nuna wa ɗalibi abin da ta auna da yadda ta juya shi ya zama launi, babu lambar da zai ninka, babu kuskuren da zai kama. In an ba ku kyauta, ku ajiye ta a gefen VES a rijiyar da aka sani, yara su gwada su gani da idonsu. Kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, dai kada su tafi nan.

| Hanya | Kuɗi | Masu aiki a lokaci guda | Lissafi da hannu | Ƙarko da gyara | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| VES, turaku huɗu | 'yan dubban dala zuwa sama | 8 zuwa 10 | ƙwarai | mai kyau, ana gyarawa a gari | jan wuta, fassara biyu |
| Hoton lantarki | dubun-dubatar dala | da yawa, na ɗan lokaci | a'a | waya mai rauni | yarda da launi |
| Magnetomita | 'yan dubbai zuwa sama da dubu goma | 2 zuwa 3, ana saurin juyawa | ƙwarai | mafi ƙarko | sauyin rana, tarkacen ƙarfe |
| Awon girgiza | dubun-dubatar dala | 8 zuwa 12 | ƙwarai | matsakaici | ɓoyayyen hawa, hayaniya |
| EM34 | mai tsada | 3 | kaɗan | gyara sai waje | wayar wuta da kwano |

Wa ya dace da wacce

In sashenka sabo ne, aji babba, kuɗi kaɗan, kuma kuna kan dutsen tushe, kamar ƙanen nan nawa: kada ka sayi babba ɗaya. Sayi ƙananan na'urorin VES biyu ko uku da kuɗin, da wayoyi ninki biyu na abin da kake zato, da batir na ajiya. Uku suna ba mutum talatin aiki a lokaci guda, in ɗaya ta mutu fita ba ta rushe ba. Kafin ka biya, ka sa a gwada kowacce da resisto da aka san ƙimarsa a gabanka. In canji ya rage, magnetomita ɗaya.

In kuna da VES mai aiki tun da, abin da za ka ƙara ya danganta da inda ɗalibanku ke tafiya. Masu karkata ga ma'adinai, kamar na kusa da Jos, Nasarawa ko Bauchi, magnetomita biyu. Masu karkata ga ruwa a dutsen tushe, EM34, ko hoton lantarki in kuna da 'yan digiri na biyu da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da zai riƙe ta amana; shi wannan ma'aikacin a tura shi horo a cikin kuɗin sayen, domin malamai suna tafiya hutun bincike, shi ne kullum yana nan.

In kuna Sakkwato, Birnin Kebbi, Maiduguri ko Gombe, inda abin nema ke da zurfi, shawarar ƙanana uku ba taku ba ce. Ku sayi VES ɗaya mai ƙarfi da waya mai tsawo, ku raba aji kashi-kashi a makonni daban.

In sashen yana da alaƙa da injiniyan gine-gine, ku haɗa kuɗi da su a kan awon girgiza, su ma suna buƙata. In ba haka ba, ku yi haya ko aro na kwana uku a shekara daga jami'ar da ke kusa ko wani kamfani, tare da mai sarrafa ta. Haka ma ma'aunin nauyi da radar.

In kuwa kuɗin sun maƙale a ofis har lokacin fita ya zo, akwai phyphox da duro a filin ƙwallo, akwai tsohon ɗalibinku da ke yin sabe a gari wanda zai zo da na'urarsa in an biya masa mai da abinci. Kowacce aka ɗauka, a riga zuwa gaishe da mai unguwa kwana ɗaya kafin fita, a gaya masa ruwa da dutse ake aunawa. Mutanen da suka ga baƙi tamanin suna jan waya a gonarsu zinare suke fara zato.